Wata 26 Kacal: Bin Sawun Sex Pistols Daga King's Road Zuwa Huddersfield

Daga daren da ƙungiyar kiɗan punk ta Birtaniya, Sex Pistols, ta fara hawa dandamali, 6 ga Nuwamba 1975, zuwa daren wasanta na ƙarshe a San Francisco, 14 ga Janairu 1978, wata 26 ne da kwana takwas. A tsakanin nan ƙananan faya-faye huɗu suka fitar da kundin waƙoƙi ɗaya tak. Kamfanoni uku suka ƙulla kwantiragi da su a Ingila, biyu suka sallame su. Na ware kwana huɗu a watan Nuwamba na bi wuraren da abin ya faru, uku a Landan, ɗaya a arewacin Ingila. Abin da ƙafa ta nuna mini shi ne, wuraren duk ƙanana ne, kuma kusa da juna suke. Ƙungiyar da sunanta ya cika duniya ta yi yawancin rayuwarta ne a ɗakunan da ba su kai zauren bikin aure na unguwa girma ba, kuma daga lokacin da aka hana ta waɗannan ɗakuna ta fara mutuwa.

Ga wanda bai san kiɗan punk ba, kayansa huɗu ne: jitar lantarki, jitar bes mai kaurin amo, ganguna, da murya. Waƙa minti uku ce ko ƙasa da haka, da sauri, da kaushi, babu kwalliya. Baitukan sun fi kama da zambo, sai dai wanda ake yi wa zambon shi ne gwamnati, masarauta da masu kamfanonin faifai. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi sun wuce miliyan ɗaya, a 1976 kuma gwamnati ta kai ƙoƙon bararta ga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Matasan da suka bar makaranta ba sana'a su ne masu kiɗan, su ne kuma masu sauraro.

Kafin a fita, abu biyu. Motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster ko katin banki mai taɓawa, kuma kati ɗaya za ka riƙe duk yinin domin a haɗa maka lissafi kada ya wuce iyakar kuɗin rana. Na biyu, a Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, saboda haka duk abin da kake son gani da hasken rana ka gama shi kafin uku da rabi.

Na fara daga tashar Sloane Square, na miƙe titin King's Road zuwa yamma. Tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa, bas mai lamba 11 ko 22 kuma yana kai mutum har ƙofa. Farkon titin shagunan masu hannu da shuni ne, sai can inda ya yi gwiwa, a yankin da ake kira World's End, ake samun lamba 430. Ba a ɓata: a goshin shagon akwai babban agogo mai awa 13, hannayensa suna gudu da baya. Ciki ɗan ƙarami ne, daɓensa a karkace, mutum goma za su cika shi. Nan Malcolm McLaren, wanda daga baya ya zama manajan ƙungiyar, da Vivienne Westwood suka fara sayar da tufafi a 1971, suna sauya wa shagon suna duk sanda suka sauya salo. A 1974 suka manna haruffa uku na soso, ruwan hoda, masu tsawon ƙafa huɗu: SEX. Daga nan rabin sunan ƙungiyar ya fito, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa tun farko talla ce ta shago.

Steve Jones da Paul Cook mai ganga, yaran unguwar Shepherd's Bush, suna yawan zama a shagon. Glen Matlock kuma, wanda ya zama mai bes ɗinsu, yana aiki a ciki ranar Asabar. Jones shi ne mawaƙi da farko, aka kori mai jitarsu Wally Nightingale, Jones ya karɓi jita, kujerar mawaƙi ta zama ba kowa. Jitar da ya karɓa farar Gibson Les Paul Custom ce da McLaren ya zo da ita daga wajen ƙungiyar New York Dolls. Sauran kayan kuwa, Jones da bakinsa ya sha faɗa cewa sato su ya yi, har da makirfo daga dandamalin David Bowie a Hammersmith Odeon a 1973. A Agustan 1975 aka hango wani saurayi ɗan shekara 19, John Lydon, ɗan baƙi daga Ireland, da koren gashi da rigar Pink Floyd wadda ya rubuta a kanta cewa ya tsane su. Suka zauna da shi a mashayar Roebuck da ke kan titin, wadda yanzu ta sauya suna, suka dawo shagon, aka kunna akwatin faifai, ya bi waƙar Alice Cooper yana murguɗa jiki. Bai iya waƙa ba, amma aka ɗauke shi. Jones ne ya laƙaba masa Rotten, wato ruɓaɓɓe, saboda lalacewar haƙoransa.

Shago ne mai aiki har yau, ba gidan tarihi ba. Ka ɗauki hotonka a waje, ka shiga da ladabi, kada ka tsaya kana tare ƙofa.

Daga can na koma tsakiyar gari, tashar Tottenham Court Road. A nan wurare uku suke cikin tazarar minti biyar da juna. Denmark Street gajeren titi ne mai shagunan jita, gidajensa na ƙarshen ƙarni na 17. A bayan lamba 6 akwai wani ɗan gini mai hawa biyu, wanda McLaren ya kama musu haya a 1975. Ƙasa suke atisaye, sama Jones yake kwana. Wannan ɗaki shi ne sirrin da masu cewa Sex Pistols ba su iya kiɗa ba suke tsallakewa: suna da wurin da za su kaɗa kullum ba tare da biyan kuɗin awa ba, kuma Jones ya yi watanni yana bin faya-fayen Stooges da New York Dolls da jita a hannu har yatsunsa suka zauna. A bangon ɗakin sama Lydon ya zana hotunan barkwanci na McLaren da abokansa da alƙalamin maka. Zanen yana nan, masana kayan tarihi sun yi nazari a kansa, a 2016 kuma hukuma ta ɗaga darajar ginin zuwa mataki na biyu mai tauraro a jerin gine-ginen da doka ta hana rushewa. Daga titi ba a ganinsa, sai gaban lamba 6 kawai. Ginin bayan ya shiga cikin wani otal, wanda ya kama ɗakin ne ke ganin bangon.

In ka tsallaka Charing Cross Road za ka ga kantin littattafai na Foyles a lamba 107. Ginin makarantar zane ta Saint Martin's ne a da, inda Matlock yake ɗalibi, shi ya samo musu wasan farko a wani ɗaki na sama. Su ne 'yan share fage ga wata ƙungiya mai suna Bazooka Joe, da kayan ƙungiyar suka kaɗa, kuma ba su yi nisa ba aka zare musu wuta. Mai bes ɗin Bazooka Joe ya bar ƙungiyarsa bayan wannan dare, daga baya duniya ta san shi da Adam Ant. Wannan ya zama al'adar wasanninsu: mutane kaɗan ne a zauren, amma a cikinsu sai wani ya koma gida ya kafa tasa ƙungiyar. Haka ya faru da Joe Strummer a Afrilun 1976 a Nashville Rooms da ke West Kensington, ya watsar da ƙungiyarsa ya shiga The Clash. Foyles yana da wurin shan shayi a sama, nan na huta.

Na uku shi ne 100 Club, a lamba 100 kan Oxford Street, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake ci gaba da aikin da yake yi a 1976. Ƙofar siririya ce tsakanin shaguna, in ba ka lura ba ka wuce ta. Da rana a kulle take. Hanyar ganin cikinsa ita ce a sayi tikitin wani wasa ta intanet a je da dare, kuma a sani akwai wurin sayar da giya a ciki. Ana sauka matakala zuwa ɗakin ƙasa mai jan bango, wanda yake cin mutum kusan 350. Ɗakin ya fi faɗi a kan tsawo, dandamalin yana jikin doguwar katangar, bai kai gwiwar mutum sosai ba, kuma akwai ginshiƙi tsaye a gabansa yana tare wa na baya gani. Ana kiɗa a nan tun 1942. Sex Pistols sun samu daren Talata-Talata daga Mayun 1976, kuma a nan suka goge. A ranakun 20 da 21 ga Satumba aka yi bikin punk na kwana biyu, su da The Clash da The Damned da Buzzcocks da Siouxsie and the Banshees, waɗanda wani abokin Lydon mai suna Sid Vicious ya buga wa ganga. A dare na biyu aka jefa kofin gilashi, ya bugi ginshiƙi ya tarwatse, ya ji wa wata yarinya mummunan rauni a ido. 'Yan sanda suka kama Sid, masu wurin suka daina karɓar wasannin punk. Na tsaya na daɗe ina kallon ginshiƙin, domin a dalilinsa aka rufe musu wannan ƙofa, kuma wanda aka kama a kan laifin shi ne za a jawo cikin ƙungiyar bayan wata biyar.

Washegari na bi sawun kuɗi. Manchester Square yana bayan Oxford Street, minti biyar daga tashar Bond Street. Nan ofishin kamfanin faifai na EMI yake a da, an rushe shi, saboda haka kada ka ɓata lokaci kana neman lamba 20 ta wancan zamani. Abin da zai biya ka wahalar zuwa shi ne gidan kayan tarihi na Wallace Collection da ke dandalin, shiga kyauta. EMI ta sa musu hannu a 8 ga Oktoba 1976 a kan fam 40,000, faifan "Anarchy in the U.K." ya fito 26 ga Nuwamba. Kwana biyar bayan haka, 1 ga Disamba, ƙungiyar Queen ta fasa zuwa shirin Today na gidan talabijin na Thames, EMI ta tura Sex Pistols a madadinsu. Shirin kai tsaye ne, da maraice, lokacin da iyalai ke cin abinci. Mai gabatarwa Bill Grundy ya yi ta zungurar su yana cewa su faɗi abin kunya, Jones ya zazzaga masa ashar. Hirar 'yan mintoci ce, kuma yankin Landan kaɗai ya kalle ta, amma da gari ya waye tana shafin farko na jaridun ƙasar.

Masu ba da labari suna ɗaukar wannan dare a matsayin nasara. In ka dubi lissafin, asara ce. Rangadin da aka shirya na Disamba, su da The Clash da Heartbreakers, yana da wasanni kusan 20, bakwai kacal aka yi. Kansilolin garuruwa da shugabannin jami'o'i suka soke sauran. A Derby kansiloli suka ce sai an yi musu gwaji sun gani tukun, ƙungiyar ta ƙi. A Caerphilly ta Wales mutane suka taru a waje suna rera waƙoƙin coci. Kuɗin otal da na mota suna tafiya, kuɗin ƙofa ba ya shigowa. Ma'aikatan masana'antar faifai ta EMI a Hayes suka ƙi naɗe faifan, a farkon Janairun 1977 kamfanin ya raba gari da su. McLaren ya koyi darasi daga wannan, sai dai darasin da ya amfane shi ne, ba su ba: rigima tana kawo suna da kuɗin sallama fiye da yadda wasa yake kawowa.

Sai kuskure na biyu. A Fabrairun 1977 Matlock ya fita, bayan doguwar rashin jituwa da Lydon. Shi ne wanda ya fi su sanin yadda ake gina karin waƙa, sunansa yana kan waƙoƙi 10 daga cikin 12 na kundinsu. Aka maye gurbinsa da Sid Vicious, wanda yake da siffa da kwarjinin hoto amma bai iya bes ba, ga shi kuma ya faɗa shan muguwar ƙwaya mai suna heroin. Bayan tafiyar Matlock sabbin waƙoƙin da suka rubuta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Daga Bond Street na hau jirgin layin Jubilee zuwa Green Park, tasha ɗaya, na ratsa lambun zuwa gaban Fadar Buckingham. A nan, kusa da gunkin tunawa da Sarauniya Victoria, aka kafa ɗan tebur da safiyar 10 ga Maris 1977 suka sa hannu da kamfanin A&M a gaban masu ɗaukar hoto. Wasan kwaikwayo ne, an riga an sa hannu na gaskiya kwana ɗaya kafin nan. Ranar 16 ga Maris A&M ta kore su, bayan ɓarnar da suka yi a ofishinta da wani faɗa a kulob. An riga an buga faifan "God Save the Queen" guda 25,000, aka lalata kusan duka, aka biya ƙungiyar fam 75,000. 'Yan kaɗan da suka tsira yanzu ana sayar da ɗaya sama da fam 10,000 a gwanjo. In kana son ganin wurin a sarari ka kauce wa lokacin sauyin masu gadi na hantsi, domin taron 'yan yawon buɗe ido yana rufe dandalin gaba ɗaya.

Kamfanin Virgin na Richard Branson ne ya ɗauke su a Mayu, faifan ya fito 27 ga watan, daidai lokacin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a gadon sarauta. Bangon faifan aikin Jamie Reid ne, hoton sarauniya da haruffan da aka yanko daga jarida sun rufe mata ido da baki. BBC ta hana sa waƙar, manyan shaguna suka ƙi sayar da ita, duk da haka ta kai lamba 2 a jerin hukuma, Rod Stewart yana sama, a jerin mujallar NME kuma ta zo ta ɗaya. Tun da ba zauren da zai karɓe su a ƙasa, sai suka koma ruwa. Ranar 7 ga Yuni aka yi hayar jirgin ruwa mai suna Queen Elizabeth, suka kaɗa a Kogin Thames suna wucewa ta gaban majalisar dokoki. Jiragen 'yan sanda suka tilasta masa komawa gaɓa, aka kama mutum 11 har da McLaren da Westwood, makaɗan suka sulale. Ana iya bin hanyar yau da jirgin haya na kogi daga Embankment Pier, a nufi yamma wajen Battersea, a taɓa kati a shiga. Ka zauna a buɗaɗɗen bayan jirgin in kana son hoton majalisar, amma ka sa riga mai kauri, iskar kogin a Nuwamba tana ratsa ƙashi. Cikin makonni biyu da wannan wasa aka sassari Lydon a wajen wata mashaya a arewacin Landan, aka kuma lakaɗa wa Cook duka a Shepherd's Bush.

Da yamma na hau zuwa Islington. Silimar Screen on the Green tana nan a Upper Street da fitilunta masu launi, minti biyar daga tashar Angel. A nan suka yi wasan tsakar dare da The Clash da Buzzcocks a 29 ga Agusta 1976, a nan kuma suka sake wasa a 3 ga Afrilu 1977, Sid yana kan bes. Gaba kaɗan, a titin Highbury New Park, akwai tsohon zauren coci da ya zama sutudiyon Wessex. An rufe shi a 2003, an mai da shi gidajen kwana, saboda haka kallo daga titi kawai, ba ƙwanƙwasa ƙofa. A cikinsa aka naɗi kundin Never Mind the Bollocks. Masu naɗin Chris Thomas da Bill Price ne, kuma abin dariya, Thomas ya taɓa yi wa Pink Floyd aiki, waɗanda Lydon ya rubuta ƙiyayyarsu a riga. Wanda ya saurari kundin da kunnen sana'a zai ji ba aikin gaggawa ba ne. Ana fara ɗaukar ganguna da jita, sannan Jones ya sake kaɗa jitar sau da yawa ana jera su a kan juna har sautin ya yi kauri kamar katanga. Sid yana asibiti da ciwon hanta a wani ɓangare na aikin, saboda haka Jones ne ya kaɗa bes a yawancin waƙoƙin, yana bin sawun jitarsa daidai, kuma wannan ya ƙara wa sautin nauyi. Daga nan Finsbury Park, unguwar da Lydon ya tashi, ba nisa. Akwai babban masallaci dab da tashar, da gidajen abincin halal a titin Blackstock Road, nan na rufe yinin.

Kundin ya fito 28 ga Oktoba 1977 ya hau lamba 1. Kalmar "bollocks" da ke cikin sunansa kalmar batsa ce a Turancin titi, 'yan sanda suka gurfanar da manajan shagon Virgin na Nottingham saboda ya kafa bangon a taga. A 24 ga Nuwamba lauya John Mortimer ya kawo Farfesa James Kinsley na Jami'ar Nottingham, wanda kuma limamin coci ne, ya shaida cewa tsohuwar kalma ce da aka taɓa kiran malaman coci da ita, kuma a nan tana nufin shirme. Kotu ta sallami manajan.

Rana ta uku na kama jirgin safe daga Euston zuwa Manchester Piccadilly, awa biyu da 'yan mintoci. Tikitin da aka saya tun da wuri yana da sauƙi ƙwarai a kan na ranar tafiya, amma a ɗaure yake da jirgi ɗaya, in ka makara ya ƙone. Daga tasha zuwa Peter Street minti 15 ne a ƙafa. Free Trade Hall yanzu otal ne, fuskar ginin ta dutse kawai aka bari yadda take. An gina shi a filin da sojojin doki suka afka wa masu zanga-zanga a 1819, kisan da ake kira Peterloo. A ƙaramin zauren sama Sex Pistols suka yi wasa a 4 ga Yuni 1976. Ɗalibai biyu ne daga Bolton suka shirya, Howard Devoto da Pete Shelley, waɗanda suka karanta labarin ƙungiyar a NME, suka ari mota suka je kudu suka gan su da idonsu. Mutum kusan 40 ne suka zo. A cikinsu akwai Peter Hook da Bernard Sumner, waɗanda suka kafa Joy Division, da Morrissey na The Smiths. Hook ya sayi bes washegari. Aka sake wasa na biyu a 20 ga Yuli, ƙungiyar ɗaliban nan, Buzzcocks, ta share fage. A Janairun 1977 Buzzcocks suka ranci 'yan ɗaruruwan fam suka buga faifansu da kansu, kwafi 1,000, ba tare da wani kamfani ba, kuma daga wannan ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu suka yi ta tsirowa a Birtaniya. Zauren kansa babu shi, gyaran otal ya cinye shi. Minti goma sun ishe ka a wurin.

Huddersfield tana gabas, ƙetaren tsaunukan Pennine, kusan rabin awa a jirgi. Kana fitowa daga tashar za ka ci karo da gunkin Harold Wilson, ɗan garin, wanda shi ne firaminista lokacin da ƙungiyar ta fara. A bakin Manchester Road akwai fuskar tsohuwar silimar Grand, wadda a 1977 ta zama kulob mai suna Ivanhoe's. A lokacin ƙungiyar ta kai matsayin da sai da sunan bogi take samun zaure. 'Yan kwana-kwana na ƙasar suna yajin aiki tun 14 ga Nuwamba suna neman ƙarin kashi 30, yajin da ya yi mako tara, gidajensu ba albashi. Ranar Kirsimeti Sex Pistols suka yi wasa biyu a nan. Na rana kyauta ne ga 'ya'yan masu yajin, da kyaututtuka da katon kek wanda yaran suka ƙare da shafa wa Lydon a fuska. Na dare na manya ne. Hotunan bidiyon ranar suna nan, kuma a ganina su ne mafi kyawun shaidar abin da ƙungiyar za ta iya in an ba ta ɗaki da jama'a aka ƙyale ta. Shi ne wasansu na ƙarshe a Birtaniya kafin su watse.

Sauran labarin a Amurka ya faru, ban bi shi da ƙafa ba. An jinkirta musu biza saboda tarihin laifuffukansu, aka soke wasannin farko. McLaren ya kauce wa New York da Los Angeles inda suke da masoya, ya zaɓi kudu da gangan domin a yi karo: Atlanta a 5 ga Janairu 1978, sai Memphis, San Antonio, Baton Rouge, Dallas, Tulsa. Ana jifansu da gwangwani, Sid yana fama da rashin ƙwaya yana yanka jikinsa, Lydon ba ya magana da McLaren, Jones da Cook suka daina hawa motar rangadi suka koma jirgin sama. A Winterland ta San Francisco, gaban mutum kusan 5,000, taro mafi girma da suka taɓa gani, Lydon ya durƙusa a ƙarshen wasa ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin an damfare su, ya yar da makirfo. Cikin 'yan kwanaki kowa ya kama gabansa. Jones da Cook suka tafi Rio wajen Ronnie Biggs, ɗan fashin jirgin ƙasa da ya tsere daga kurkuku, Lydon ya kafa Public Image Ltd. A 12 ga Oktoba 1978 aka tsinci gawar Nancy Spungen, budurwar Sid, a otal ɗin Chelsea na New York, aka tuhume shi da kisanta. Kafin a yi shari'a ya mutu a 2 ga Fabrairu 1979 sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, yana da shekara 21.

Rana ta ƙarshe na tafi maƙabartar Highgate. A sauka a tashar Archway ta layin Northern, a hau tudun Highgate Hill, a ratsa lambun Waterlow Park zuwa Swain's Lane. Hawan yana da tsayi, a ba shi minti 20. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ɓangaren gabas ake nema, inda kabarin Karl Marx yake. McLaren ya rasu a Afrilun 2010, kabarinsa yana kusa da babbar hanyar ciki, baƙin dutse da siffar fuskarsa ta tagulla, da rubutun da ke cewa faɗuwa mai ban mamaki ta fi nasara marar armashi. Su makaɗan ba haka suka kalli abin ba. Lydon ya kai shi kotu tun 1978 a kan kuɗin da ba a biya su ba da kuma mallakar sunan ƙungiyar, aka yi shekara takwas ana ja, sai a Janairun 1986 aka miƙa wa makaɗan da mahaifiyar Sid ikon kayansu da kuɗi kusan fam miliyan ɗaya. Da huɗun farko suka sake haɗuwa a 1996, har da Matlock, ba su ɓoye cewa kuɗi suka zo nema ba, kuma wasansu na Finsbury Park ya tara dubban mutanen da ba su taɓa samun damar ganinsu a 1977 ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙarfe huɗu ake rufe ƙofar maƙabartar, saboda haka da hantsi ake zuwa. Taswirar da ake bayarwa a bakin ƙofa tana da sunan McLaren a jiki.